Zaren da Na Ɓoye wa Taubashina

Shekarar da yajin aikin malamai ya zaunar da mu gida, ina aji uku a jami'a, ina karatun ƙananan halittu irin waɗanda ido ba ya gani sai da madubi. Na dawo Talata Mafara ba ni da abin yi sai zaman rumfar babana, inda yake ɗinkin manyan riguna, ina miƙa masa zare ina latsa waya. Ana nan sai wani malaminmu, wanda shi ma ɗan garinmu ne kuma yajin ya dawo da shi gida, ya aiko a kira ni. Ya ce akwai wata gasa da ɗalibai ke shiga daga ƙasashe daban-daban, kowace ƙungiya ta koya wa bakteriya yin wani abu mai amfani. Ya samo mana aron ɗakin gwaji a wata makaranta cikin gari. Nawa shi ne in tara mutum biyar, in kuma zo da abin da za mu yi.

Ban yi dogon tunani ba na ce siliki. Cikin zare na tashi, kuma na taɓa karanta cewa zaren gizo-gizo, duk sirantakarsa, ya fi yawancin zaruruwa ƙarfi. Matsalar ita ce gizo-gizo ba ya kiwatuwa, in ka tara su wuri ɗaya cinye juna suke yi. Saboda haka masana suka koma ɗauko ɗan guntun umarnin da ke cikin ƙwayar halittarsa, wanda ke sa shi yin zaren, su dasa shi cikin bakteriya. Ita kuma sai ta riƙa yin furotin ɗin silikin a cikinta, a fasa ta a tace, a ja shi ya zama zare. A takarda abin ba wuya.

Gasar tana da wata doka da na ɗauka da farko ado ce kawai: dole ƙungiyoyi su taimaki juna. Mu da muka zaɓi siliki muka buɗe littafi guda a intanet, kowa ya rubuta abin da ya gwada, ko ya yi ko bai yi ba. Duk Asabar kuma mu haɗu ta bidiyo. Wata ƙungiya daga ƙasar waje ce ta aiko mana da guntun umarnin ma, kyauta, an ɗiga shi a kan 'yar takarda ya bushe, an zagaye wurin da fensir. Ranar da ambulan ɗin ya iso na kai wa babana ya gani. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce shi bai ga komai ba, amma Allah ya sa albarka.

Kuskurena, in kuskure ne, shi ne na je suna Bakura na saki baki.

Ina da taubashi a can, ɗan goggona, wanda na girma da wata ɗaya tak. Shi ma kimiyya yake karanta a wata jami'ar, shi ma yajin ya dawo da shi gida yana taya babansa aikin shinkafa. Tun muna yara abu ba ya yi masa wuya. Ni in kwana uku ina haddar abu, shi ya ji sau ɗaya a bakina ya riga ni faɗa a gaban mutane. Ba shi da mugunta, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi, don ba ni da inda zan kama shi. Ran sunan nan muna zaune bisa tabarma ana jiran tuwo, na ba shi labarin gasar dalla-dalla, ina jin daɗin yadda ya buɗe baki yana saurare.

Ya ce, "Kai taubashi, wanga abu da daɗi. Mutum nawa aka so?"

Na ce biyar, kuma mun cika.

Ya ce to madalla. Bayan sati biyu sai ga sabuwar ƙungiya cikin littafinmu na intanet, daga Bakura. Ya samu nasa malamin, ya samu wani ɗan ɗakin gwaji a can, ya tara mutanensa. Ya kuma aiko mini saƙo yana roƙon in yanko masa gefen takardar nan tamu. Dokar gasa ce, ba yadda zan yi. Na yanka masa da reza, na tabbata ɓangarensa ya fi ƙanƙanta.

Watanni biyu na farko duk wahala ɗaya muka sha, mu da su da na ƙasashen waje. Bakteriyar tana yin furotin ɗin, amma sai ya dunƙule a cikinta kamar gudajin tuwon da ba a tuƙa da kyau ba. In ya dunƙule kuwa ba ya narkewa, balle a ja shi. Mu a Mafara muna da akwatin ɗumama, wanda ke riƙe kwalaben bakteriya a ɗumin jikin mutum yana girgiza su. Ina alfahari da akwatin nan. Na san na Bakura ba su da shi, kuma duk Asabar in an haɗu sai na san yadda na yi ya fito a bayana cikin bidiyo.

Wata Laraba da hantsi ina rumfar babana wayata ta yi ƙara. Na Bakura sun sa hotuna a littafi. Hoton farko randa ce babba, an sa ƙaramar tukunya a cikinta, an cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ga kwalabe huɗu zaune a ciki an rufe da jiƙaƙƙen buhu. Hoto na biyu sakamakon gwaji ne, kuma ko daga waya ana ganin layin furotin ɗin ya fito baƙi ƙirin a ɓangaren abin da ya narke. A ƙasa taubashina ya rubuta bayani cikin Turancinsa na ko-in-kula. Ya ce tunda ba su da akwati, zafin rana kuma na kashe musu bakteriya, sai ya tuna yadda innarsa ke ajiye tumatir. In bakteriyar ta ji sanyi tana aiki a hankali, furotin ɗin ba ya samun damar dunƙulewa. Suna karɓa-karɓa wajen girgiza kwalaben da hannu. Ya zana randar, ya faɗi yawan ruwan da ake zuba wa rairayin da sau nawa a yini. Bai rage komai ba.

Na daɗe ina kallon hoton nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san maganar sanyin. Na karanta ta a wata takarda tun makonni da suka wuce, na ce ai wannan sai masu na'urar sanyaya, na wuce. Ga randa kuwa a ƙofar ɗakin innata, ina shan ruwanta kullum.

Babana ya ɗago kai daga ɗinki ya ce, "Lafiya?"

Na ce lafiya lau, taubashina ne ya yi nasara a wani abu.

Ya ce, "Ai yaron nan akwai kai," ya mai da ido kan allurarsa.

Asabar ɗin nan ba a yi maganar kowa ba sai tasa. Masu na'urori sun ce su ma sun sauke ɗumin nasu, abin ya yi. Wata ƙungiya daga wata ƙasa mai zafi irin tamu, waɗanda su ma wutarsu ba ta zama, suka ce sun riga sun sayo tukwane. Kafin a tashi an raɗa wa abin suna randar Bakura. Taubashina yana zaune ƙarƙashin bishiya inda ya fi samun sabis, awaki na kuka a bayansa, yana ta dariya yana cewa ba shi ba ne, innarsa ce. Ni kuwa na kashe makirufona, na kuma matsa gefe don kada akwatin ɗumamar ya fito.

Malaminmu ya ce in je Bakura in gano da idona. Na hau mashin na tafi ba don ina so ba. Shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, amma ban ji daɗin kallonta ba. Na same shi ya naɗe wando yana zuba wa rairayi ruwa da buta.

Ya ce, "Maraba da manyan Mafara. An zo ɗaukar karatu wurin ƙauyawa?"

Na ce, "An zo duba ko gaskiya ne. Bakin Bakura ba a saye shi ba gani."

Wasa ne irin namu, kowa ya yi dariya, amma ni nawa da gaske a ciki. Ya nuna mini komai, har kuskuren da suka yi sau biyu kafin abin ya daidaita. Da zan tafi ya ɗauko wata randa da tukunyarta, ya ce biyu suka saya, ɗaya tamu ce. Haka na dawo Mafara a bayan ɗan acaɓa, na rungume randa kamar jariri, duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar in sake ta. Ban sake ta ba. Cikin sati guda mu ma furotinmu ya narke.

Daga nan kowa ya ci karo da bango na biyu. Furotin ya samu, ruwa-ruwa kamar farau-farau, amma ya ƙi zama zare. Ana zuba shi cikin sirinji a tura ta siririyar allura cikin wani ruwa, wai ya daskare ya miƙe. Namu ko dai ya toshe allurar tun bai fito ba, ko ya fito ya watse kamar hayaƙi. Takardun masana sun ambaci sinadaran da ba mu da su, kuma ko na waje da ke da su zarensu guntu-guntu yake fita.

Cikin wannan hali babana ya aike ni Maradun in kai wa kakata magani. Ita ce ta haifi babana da goggona, wato kakarmu ce ni da taubashina. A Dosara ta yi rayuwarta duka, sai da zaman ƙauye ya gagara aka dawo da ita Maradun wurin ƙanen babana. Tun da ta dawo ba ta da magana sai ta gonarta da itatuwanta. Na same ta a inuwar zaure na ciki tana tsince wake. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi kowa da kowa har akuyar innata.

Ta ce, "Maigidana, an ce ka bar boko ka koma kaɗi. Mi kaka kaɗawa?"

Na yi mata bayani iya yadda zan iya, na ce zaren gizo muke so mu yi ba tare da gizo ba, amma ya ƙi kamuwa. Ta yi dariya har ta share ido. Sannan ta ce ita ma ta yi aikin zaren da ya fi na auduga gardama. Da can, in mafarauta suka kawo gidan tsutsar nan da ake samu a itace, wanda ake yin zaren tsamiya da shi na aikin manyan riguna, ita ake kawo wa. Sai an dafa shi da ruwan toka kafin ya saki jiki. In ya saki, ta wanke, sannan ita tana da nata sirri da sauran mata ba su yi: takan tsoma shi cikin ruwan tsamiya mai ɗan tsami kafin ta shanya.

Ta ce, "Toka ta sake shi, tsami ya ɗaure shi. In ka ba shi toka kaɗai, lalaci za ka samu."

Na tuna a jikin gizo-gizo ma haka abin yake: inda yake ajiye ruwan silikin babu tsami, sai a hanyar fita tsamin ke ƙaruwa, a nan ruwan ke zama zare. Na sani a karatu, ban taɓa haɗa shi da abin da ke madafin gidanmu ba.

Washegari da sassafe, kafin sauran su iso, na shiga ɗakin gwaji da tsamiyar da na jiƙa na tace sau uku, da ɗan ruwan toka. Na ɗiga wa furotin ruwan tokar kaɗan-kaɗan ina aunawa, na tsarma ruwan tsamiyar a faranti. Gwaji uku na farko ba su yi ba, tsamin ya yi yawa. A na huɗu na tura sirinji a hankali, sai na ga wani farin abu ya fito daga bakin allurar bai watse ba. Na sa tsinken tsintsiya na taɓo bakinsa na ja. Ya biyo ni. Na ja har ya kai tsawon ɗan yatsana kafin ya tsinke. Na zauna a kujera ina kallonsa.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in ɗauki hoto in sa a littafi, kamar yadda aka yi mini da randa. Na ma ciro wayar. Sai na hango Asabar mai zuwa, na hango taubashina da ke da furotin ninkin namu, don su sun riga mu farawa, yana jan zare kamu guda alhali nawa ɗan yatsa ne. Na san ƙarshenta a ce zaren Bakura. Na mai da wayar aljihu. Na naɗe zaren a tsinken, na sa cikin kwalin ashana, na wanke farantin. Na ce wa kaina ba ɓoyewa nake ba, zan bari ne sai ranar gabatarwa ta ƙarshe in fito da shi, lokacin ba mai iya riga na.

A ƙungiyarmu akwai wata ɗaliba 'yar Maradun, ita ke rubuta mana komai a littafi, kuma ba abin da ke wuce ta. Kwana uku ina zuwa da sassafe, ran na huɗu ta riga ni. Na tarar da ita tsaye riƙe da kwalbar furotin tana duban inda ta yi alama da biro.

Ta ce, "Malam, furotin ɗinmu na raguwa, kuma ɗakin nan na ƙanshin tsamiya. Kunu ake damawa?"

Na so in yi ƙarya, na ga ba ta da amfani. Na ciro kwalin ashanar na nuna mata. Ta kai shi bakin taga ta daɗe tana kallo, fuskarta ta washe. Sannan na ce ina roƙonta kada ta rubuta tukuna.

Ta ce, "Don me?"

Na ce sai na tabbatar.

Ta ce, "Ka yi sau nawa?"

Na ce sau shida.

Ta rufe kwalin ta miƙo mini. Ta ce, "Aikinka ne, ba zan faɗa ba sai ka yarda. Amma duk ranar da za a rubuta, da ranar gaskiya zan rubuta shi. Kuma ka riƙa tuna wanda ya ba ka randar da ka samu furotin ɗin."

Sati uku na riƙe abin nan. Asabar uku ina zaune ina kallon mutane na ba da labarin asarar da suka yi. Taubashina ya ce sun ƙarar da furotin kwalba biyu a banza, har ya gwada ruwan gishiri da ruwan kanwa. Yana faɗa yana dariya kamar kullum, amma na ga ya rame, ga aikin gona ga girgiza kwalabe. A Asabar ta biyu ya dubi allo ya ce da Hausa, a gaban kowa, "Mafara, ku hwa? Ba ku da wani labari?" Na ce muna nan muna fama. 'Yar Maradun tana gefena, ta sunkuyar da kai tana zane a takarda. Ba zan ce ban ji kunya ba. Na ji. Amma akwai wani daɗi a ƙarƙashin kunyar, daɗin cewa yau ga abu ɗaya da na sani shi bai sani ba, kuma daɗin nan ya fi kunyar ƙarfi.

Sai Babbar Salla ta zo, aka taru Maradun gaida kaka kamar yadda aka saba. Bayan an ci nama manya sun fita, muka rage ni da shi a gabanta. Ta dube shi ta ce ya bushe kamar kara, ko matar da bai aura ba ce ke hana shi abinci. Ya ce ba mata ba ce, zare ne. Ya fara ba ta labari, yana kwaikwayon yadda furotin ke watsewa a ruwa. Ina jin inda maganar ta dosa, na rasa yadda zan karkatar da ita. Na ce bari in ɗebo ruwa. Kafin in miƙe ta riga ni.

Ta ce, "Ikon Allah. Ba na gaya ma wancan ba? Toka da tsamiya. Tun watan jiya da yaz zo kawo man magani." Ta juyo gare ni. "Ko ba ka gwada ba?"

Taubashina ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai mai lissafi a zuci. Na ga lokacin da lissafin ya fita.

Ya ce wa kaka, "Ai kin san mijin nan naki da rowa. Ko ƙanzo ba ya ba mutum." Ta yi dariya, ta ce haka yake tun yana yaro, ta shiga wata hirar.

Da muka fito ƙofar gida ya tsaya jikin katanga inda aka shanya fatar rago. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsoshi. Ya ce, "Ya yi?"

Na ce ya yi.

"Tsawon mi?"

Na nuna masa da yatsa. Sai na ga ya yi murmushi, murmushin gaske, ya ce, "Kai. Zare dai? Ka taɓa shi da hannunka?" Ya shiga jero tambayoyi, tsamin nawa, allura wace iri, a tura da sauri ko a hankali. Ina amsawa ina jin kamar in nutse. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Can sai ya ce, "Amma taubashi, kwalba biyu muka zubar. Yaran nan da hannu suka girgiza su." Bai ƙara ba. Da zai hau mashin ya ce shi ba zai rubuta komai a littafi ba, ba zai kuma gwada ba sai ya ga na sa, don abin nawa ne.

Kwana biyu bayan Salla na zauna da 'yar Maradun muka rubuta. Ta sa ranar da na fara samun zaren, kamar yadda ta ce za ta yi. Na ce a sa cewa dabarar daga kakata take, ta ce wannan ko ban faɗa ba za ta sa. Ran Asabar aka yi ta murna, aka yi ta tambaya, na samu abin da na daɗe ina so: fuskoki goma sha wani abu duk suna saurarena. Sai wata ɗaliba daga ƙungiyar da ta aiko mana takardar nan ta ce ta lura ranar gwajin ta kai sati uku, me ya sa sai yanzu? Ba da wata manufa ta tambaya ba. Kafin in haɗa kalma taubashina ya kunna makirufonsa ya ce ai ɗan'uwansa haka yake, ba ya fitar da abu sai ya maimaita shi ya tabbata, ba irinsa ba mai gaggawa. Aka yi dariya aka wuce. Na ji haushin wannan rufin asirin fiye da yadda zan iya faɗa, don ko a nan shi ne ya fito babba.

Abin da na ji tsoro kuwa ya faru. Cikin kwana goma na Bakura suka ja zaren da ya kai kamu guda, suka naɗe shi a mazarin da suka aro. Wata ƙungiya ta waje ta auna tsamin ruwan tsamiyar, ta haɗa irinsa da sinadaransu, nasu ya fi na kowa tsawo. Suka auna mana ƙarfin namu kuma, suka ce bai kai ko kusa da na gizo na gaske ba, wanda dama mun zata. A ƙarshen gasar ba mu ci babbar kyauta ba, mu da su. An dai yaba wa ƙungiyoyin siliki gaba ɗaya kan yadda suka yi aiki tare, kuma cikin bayanin an ambaci randa an ambaci tsamiya. Randa aka fara ambata. Na lura da wannan, na kuma ji haushin kaina da na lura.

Aka janye yajin aiki, kowa ya koma makarantarsa. Bayan mun gama shi ya samu gurbin ƙaro karatu a waje, a wurin malamin ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan, har yanzu kan siliki yake aiki. Ni na dawo Mafara ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma ina son aikina, ba don in rufe baki nake faɗa ba. Kaka ta rasu shekarar da ya tafi, ba ta koma Dosara ba. Maganar sati ukun nan bai sake tayar da ita ba ko sau ɗaya, ko cikin wasa, shi da ba abin da ba ya mayarwa wasa.

Watannin baya ya turo mini wata takarda da yake shirin fitarwa, ya ce in duba masa kafin ya kai wa malaminsa, don ni ne mai ido. Na karanta ta a ɗakin malamai lokacin tara. A shafi na shida na ga ya juya lissafi, ya sa adadin wani gwaji a gurbin wani, kuma duk abin da ya gina a kai ya karkace. Na sake dubawa sau biyu. Kuskure ne, babba kuwa. Wani sanyi ya ratsa ni, irin na mai ƙishi da ya samu ruwa. Aka buga ƙararrawa na shiga aji na koyar da darasi biyu, abin na raina. Da aka tashi na zauna na rubuta masa inda kuskuren yake da yadda zai gyara, na tura kafin la'asar.

Ya amsa nan take, ya ce Allah ya saka, na fitar da shi kunya. Na ce amin. Na ji daɗin godiyar, amma ba ta kai daɗin da na ji a shafi na shida ba.